Ƙasa na juyawa da ni, amma duk gwaji ya ce lafiyata ƙalau

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 39, ina da aure da 'ya'ya uku, aikina na ofis ne, yini nake yi gaban kwamfuta. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, amma ya lafa bayan haihuwata ta ƙarshe. Shekara biyu ke nan wani abu ya maye gurbinsa, wato jiri. Haka kawai sai in ji ɗaki ya juya da ni, wani lokaci kamar ina cikin kwalekwale, zuciyata ta yi ta tashi, haske da hayaniya su ishe ni. Yakan kai awa uku, wani zubin kwana biyu, kuma sau da yawa kaina ba ya ciwo ko kaɗan. An yi mini hoton ƙwaƙwalwa, an auna jinina, an gwada jin kunnena, an ce duk lafiya. Likita na huɗu ne ya ce ciwon ɓarin kan nan ne ya dawo ta wata siga. Na kasa yarda. Ina aka taɓa ciwon kai babu ciwon kai? Wata bakwai ke nan kullum sai na sha ƙwayar jiri. Na daina tuƙi, na daina shiga manyan kantuna, in na dawo daga aiki kwanciya kawai nake yi. Maigidana ya fara cewa tunani ne na sa wa raina, a wurin aiki kuma ana yi mini kallon mai ƙiwa. Ina tsoron ko wani abu ne a kaina da ba a gani ba. Yaya zan yi in rayu da wannan abu?

Ƙanwarki mai jiri

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki. Na san irin sannun da ake yi wa mai jiri, ana faɗa ana ƙare miki kallo, ana neman inda ciwon yake ba a gani. Tawa ba irin wannan ba ce, don ni ma na sha shi.

Shekara 11 ke nan, ina tsakiyar wani babban kanti, kaya jere dama da hagu har iya ganina, farar fitila tana dukan ido daga sama. Na miƙa hannu zan ɗauki sabulu, sai daɓen ya karkace kamar an ɗaga shi ta gefe guda. Na cafki keken zuba kaya, shi kuma da yake mai taya ne sai ya nemi tafiya da ni. Ƙarshe dai zama na yi a ƙasa na jingina da kwalaye, na kafa ido a kan wani ɗan tabo a jikin tayil, don shi kaɗai ne bai motsa ba. Wata ma'aikaciya ta kawo mini ruwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ai kuwa ba ki yi kama da marar lafiya ba." Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai wannan magana tata na ci gaba da jin ta daga bakuna daban-daban har shekara uku, kafin a gaya mini sunan abin da ke damuna.

Ban duba ki ba, kuma takarda ba ta maye gurbin likita. Amma abin da kika zayyana ya yi daidai da maganar likitanki na huɗu, kuma ina ganin sunan ciwon ne ya ruɗe ki. Da muka ce "ciwon ɓarin kai" sai muka ɗauka sarawar kan ita ce cutar gaba ɗayanta. Alhali sarawar alama ce guda cikin alamomi. Asalin abin shi ne ƙwaƙwalwa mai saurin harzuƙa, wadda lokaci zuwa lokaci takan kasa jure saƙonnin da jiki ke aiko mata. Ranar da ta harzuƙa, hasken da kowa ke zaune cikinsa lafiya sai ya zame miki allura, muryar yara ta zama ganga. Wani mai ciwon kuma, ƙamshin turare ne ke juya masa ciki. Ke kuma naki ya sauka a kan sashen da ke kula da motsi da tsayuwa.

Tsayuwar da muke yi ba tare da mun faɗi ba shari'a ce da ake yankewa kowace daƙiƙa, kuma shaidu uku ne. Na farko can cikin kunne yake: wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda ke sanin kai ya juya, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ke sanin ina ne sama ina ne ƙasa. Na biyu ido. Na uku tafin ƙafa da gaɓoɓi da wuya. Ƙwaƙwalwa ita ce alƙali. A irin ciwonki shaidun nan yawanci lafiyarsu ƙalau, alƙalin ne ke kuskuren sauraro, ya ji raɗa ya ɗauka ihu ne. Shi ya sa hoton ƙwaƙwalwarki ya fito fes. Hoto siffa yake nunawa. Ki ɗauki hoton rediyon da ke shuuu maimakon magana, za ki ga rediyo ne lafiyayye. Hoton ya yi aikinsa, ya nuna babu ƙari, kuma wannan amsa ce babba ga tsoron da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki.

Ciwon yana da suna da ƙa'ida. Likitoci na ce masa bestibula maigiren, ni kuwa jirin ɓarin kai nake ce masa. Wasu likitocin Jamus biyu, Marianne Dieterich da Thomas Brandt, su suka yi amfani da sunan a 1999. A 2012 ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta haɗu da ƙungiyar Barany, wadda ta ci sunan Robert Barany, likitan da aka ba kyautar Nobel ta 1914 saboda bincikensa kan kunnen ciki, suka fitar da sharuɗɗan gane shi. Dole a ce jirin ya taso aƙalla sau 5, mai ƙarfin da zai dagula wa mutum harkokinsa, kowanne ya ɗauki tsakanin minti 5 zuwa awa 72. Dole mutum ya kasance yana da ciwon ɓarin kai yanzu ko ya taɓa yi a baya. Sannan a rabin lokutan jirin, aƙalla, a samu ɗaya daga cikin alamomin ɓarin kai: ko sarawar kan, ko ƙin haske da ƙara, ko walƙiya da layuka masu kama da haƙoran zarto da wasu ke gani. Ki lura da kalmar "ko". Sarawar kai ba dole ba ce. Ki sake karanta wasiƙarki da wannan ma'auni, ki ga ko akwai inda kika kauce. Dubi kuma shekarar: 2012 jiya-jiya ce a ilimin likitanci. Likitoci da yawa sun gama makaranta kafin nan, don haka ban yi mamakin sai a na huɗu kika dace ba.

Ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi a Jamus ya gano kusan mutum 1 cikin 100 na gamuwa da shi a rayuwarsa, kuma mata sun fi yawa. Yadda naki ya zo ma sananniyar hanya ce: ciwon kai a ƙuruciya, ya lafa, bayan shekaru jiri ya karɓi aiki, wasu ma sai dab da ɗaukewar al'ada. Da yawanmu in aka tona za a tarar tun muna yara mota ke sa mu amai.

Akwai masu kama da shi da ya kamata ki sani, don suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya. In jirin na 'yan daƙiƙu ne, bai kai minti guda ba, kuma yana zuwa ne sa'ad da kika juya a kan gado ko kika ɗaga kai sama, to tsakuwoyin kunnen nan ne suka ɓalle suka faɗa bututun da ba nasu ba. Wannan mai sauƙi ne, likita na mayar da su ta hanyar jujjuya kai a jere, dabarar da ake kira da sunan Epley, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu. In kuma jirin na zuwa da toshewar kunne ɗaya, da kuwwa, da raguwar ji, ana tunanin cutar Ménière, wadda wani likitan Faransa ya bayyana a 1861. Tunda an gwada jinki an ce daidai ne, wannan ta yi nisa, amma in kika ji kunne ɗaya ya fara canzawa ki koma a sake aunawa.

Abu ɗaya ne ba na so ki yi wa kawaici. Ranar da jiri ya zo da abin da ba ki saba ba, kamar ganin abu biyu-biyu, ko nauyin harshe, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ki kasa takawa kwata-kwata, ko kunne ya daina ji farat ɗaya, ko wani ciwon kai mai kamar an rotsa miki guduma wanda ba ki taɓa jin irinsa ba, wannan ba ranar kwanciya a ɗaki ba ce. Asibiti nan take. Shanyewar ɓarin jiki na iya sallama da jiri, kuma mai ciwon ɓarin kai ba ta fi ƙarfinsa ba.

Yanzu ga inda na fi so mu zauna. Abubuwa biyu a wasiƙarki sun fi jirin kansa tayar mini da hankali: ƙwayar wata bakwai, da kwanciyar da kike yi.

Ba ki faɗi sunan ƙwayar ba, amma yawanci irin su cinnarizine ne, ko meclizine, ko prochlorperazine, kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali. Aikinsu su dakushe saƙon kunnen ciki. Ranar da ɗaki ke juyawa ana amai, rahama ne. Amma na kwana biyu ko uku ne. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar gyara lissafinta in aka bar ta tana jin kuskuren da take yi, to ƙwayar kullum tana toshe mata kunne ne, ba ta jin kuskuren balle ta gyara. Sai mutum ya wayi gari cikin wani dishi-dishi da kasala da ba ya rabuwa da su, yana ɗora wa cutar laifi, alhali rabi na maganin ne. Wasu daga cikinsu in aka daɗe ana sha suna kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki. Kada ki watsar da ita yau saboda Anti ta faɗa. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likitan, ki tambaye shi kai tsaye: wannan ta rigakafi ce ko ta ranar tashin ciwo? In ta ranar tashi ce, ya tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Kwanciyar kuwa na fahimce ta sarai, don na yi ta. Jiri ya kama ki a kanti, sai ki daina zuwa kanti. Ya kama ki a mota, ki daina shiga mota. Ki fara tafiya kamar mai ɗauke da tulu cike a ka, wuya a sanƙare, in za ki waiga sai ki juya da jikinki duka. Kowane mataki mai hankali ne in aka dube shi shi kaɗai. Amma ƙwaƙwalwar da aka hana ta motsi ƙara tsoron motsi take yi. Bayan wata shida, abin da a da ba ya damunki, kamar labule mai ratsi-ratsi ko fanka tana juyawa, shi ma sai ya shiga jerin abokan gaba. Likitoci sun san wannan sosai har sun ba shi suna na daban a 2017: jirin da ke zaunewa kusan kullum har wata 3 ko fiye, yana tsananta in an tsaya, ko ana tafiya, ko ido ya ga abubuwa da yawa suna motsi. Sau da yawa a bayan jirin ɓarin kai yake laɓewa ya shigo. Ina zargin ya fara leƙo ki.

Maganinsa motsi ne, amma mai awo. Akwai masu gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti da suka ƙware kan jiri, ki nemi likitanki ya tura ki wurinsu. Dabarun sun samo asali tun shekarun 1940 a Ingila, daga likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey. Ga wanda aka fara ba ni. Na rubuta babban harafi a kan ƙaramin kati, na zauna a kujera, na riƙe katin iya tsawon hannuna. Ido a kan harafin, ina juya kai dama da hagu a hankali, kamar mai cewa a'a, ba tare da harafin ya yi dishi ba. Ranar farko daƙiƙa 15 na yi, na ajiye katin ina zufa kamar wadda ta yi dambe. Ƙaramar 'yata tana leƙe ta ƙofa tana dariya, wai Mama na yi wa takarda musu. Bayan wata biyu ina yin minti guda a tsaye. Ƙa'idar ita ce atisayen ya ɗan tayar da jirin kaɗan, ya kwanta cikin 'yan mintuna. In ya bar ki a kwance har yamma, kin zarce, ki rage gobe. Ranar da ciwon ya tashi da gaske kuma hutu ne. Masu ɓarin kai sukan fara ƙasa da sauran masu jiri, kada ki yi gasa da kowa.

Haka za ki yi wa kantin. Ki je lokacin da babu cunkoso, da wani a gefenki, ki sayi abu ɗaya ki fito. Mako mai zuwa abu uku. Tafiyar ƙafa ta minti 10 kullum, kina ɗaga kai kina duban nesa, tana cikin magani.

Sai maganar abin da ke tayar da shi. Mutane za su cika ki da jerin abubuwan da za ki daina ci, har ki rasa abin sa wa a baki. Ni ban ga amfanin wannan azaba ba. Ƙwaƙwalwar mai ɓarin kai canji ta tsana fiye da komai. Barcin awa 5 yau, awa 10 gobe. Karin safe yau da ƙarfe bakwai, gobe sai azahar. Kofi uku ranar aiki, babu ko ɗaya ranar hutu. Kuma abubuwan nan kamar masu bin bashi suke: ɗaya in ya zo shi kaɗai za ki iya sallamarsa, ranar da uku suka haɗu a ƙofa ne ake jin kunya. Kin yi gajeren barci, kin tsallake abincin rana, ga al'ada saura kwana biyu, sai ki shiga ofis mai fitila tana ƙyaftawa. Da yamma ki ce fitilar ce. Fitilar ta zo ƙarshe ne kawai.

Don haka ki sayi ƙaramin littafi. Kowane dare layi ɗaya: ƙarfe nawa kika kwanta jiya, kin tsallake abinci ko a'a, ranar nawa ce a zagayen al'adarki, jiri ya zo ko bai zo ba, awa nawa, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, wace ƙwaya kika sha. Kada ya wuce minti biyu, in ba haka ba littafin ma zai zama wani ciwon. Bayan wata biyu za ki ga zane ya fito. Nawa ya nuna mini abin da ban taɓa zato ba: ba ranar da aiki ya yi mini yawa yake kama ni ba, washegarin da na samu sarari ne. Ashe wannan ma sananne ne a wurin masu ɓarin kai. In littafin ya nuna wani abinci yana biye da ciwon sau da sau, to ki bar wannan ɗin kaɗai. Kofi da shayi mai kauri kuwa in za ki rage, a hankali, don yanke su lokaci guda shi kansa yana saukar da ciwon kai.

Da irin yawan tashin da kike bayyanawa, ina ganin kin kai a yi maganar maganin rigakafi, wanda ake sha kullum don rage yawan tashin. Babu wanda aka ƙera musamman don wannan jiri, aro ake yi daga magungunan ɓarin kai, kuma binciken da aka yi kansu a kan jirin bai kai na ciwon kan yawa ba. Shi ya sa ake gwadawa a ga wanda ya karɓi mutum. Akwai propranolol, wanda asalinsa na ciwon zuciya da hawan jini ne, kuma ba a ba mai asma. Akwai amitriptyline da nortriptyline, ana sha da dare don suna sa barci da bushewar baki. Akwai venlafaxine, da flunarizine, da topiramate, wanda kan sa a ji kamar ana tsira wa yatsu allura kuma kalma ta maƙale wa mutum a baki. Kada ki firgita in kin karanta takardar cikin kwali kika ga an ce na baƙin ciki ne ko na farfaɗiya. Ba haukatar da ke likitan ya yi ba, ƙaramin awo ake bayarwa, don wani aiki daban. Tun 2018 kuma an fara samun sababbin allurai na wata-wata da aka yi don ɓarin kai kansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. A sha mako biyu, a ce bai yi ba, a watsar. Waɗannan magunguna ana fara su kaɗan ne ana ƙarawa, kuma sai an ba su wata 2 zuwa 3 kafin a yanke musu hukunci. Nasararsu ita ce ciwon ya ragu da rabi. Wadda ke kwanciya kwana 12 a wata ta koma 6, an ba ta kusan mako guda na rayuwarta. Ni sai a na uku na dace.

Tunda shekarunki 39, dole in faɗi wannan a fili. In akwai yiwuwar ciki, ko kuna nema, ki gaya wa likita kafin ya ɗauki biro. Valproate, wani maganin rigakafin ɓarin kai, na da haɗari babba ga ɗan tayi, topiramate ma haka. In kuma kina cikin masu ganin walƙiyar nan kafin ciwo, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin ba taki ba ce, don tana ƙara haɗarin shanyewar jiki, akwai wasu hanyoyin. Sannan ki ƙirga kwanakin da kike shan maganin ciwon kai. Irin su farasitamol in suka kai kwana 15 a wata, ko masu ƙarfi da masu gauraye kwana 10, su da kansu suna zama sanadin ciwon kai na kullum. Wasu likitocin kan ƙara da magnesium ko bitamin B2. Na biyun zai mayar da fitsarinki rawaya shar, ba komai ba ne.

Ranar da ya taso, kada ki yi jarumta. Ki zauna ko ki kishingiɗa inda kike, ki sa ido a kan abu ɗaya da ba ya motsi, ki rage haske, ki ajiye waya. Numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Ruwa kurɓi-kurɓi. Maganin amai in an rubuta miki. Kada ki hau tsani, kada ki yi wanka ƙofa a kulle, kada ki ɗauki jariri ki sauka matakala. Tuƙi kuwa kin yi daidai da kika ajiye a yanzu, musamman in yana zuwa miki babu gargaɗi. Amma ki ɗauke shi a matsayin ajiya, magana ce da za ku sake dubawa da likita in littafinki ya nuna an samu sarari.

A ofis, ƙananan gyare-gyare sun fi dogon bayani. Rage hasken fuskar kwamfuta, ƙara girman rubutu, daina jan shafi sama da ƙasa da gudu, don wannan jan yana cikin abubuwan da suka fi tayar mana da shi. Duk bayan minti 20 ki ɗaga ido ki dubi nesa. In fitilar da ke saman teburinki tana ƙyaftawa, a canza ta ko a canza miki wuri. Ki nemi likita ya rubuta miki takarda mai ɗauke da sunan ciwon, ki kai wa shugabanki, ki tafi da buƙata biyu ko uku takamaimai. "Ba ni da lafiya" ba ta gaya wa shugaba abin da zai yi. "Ina so a matsar da teburina kusa da taga" tana gaya masa. Sauran abokan aiki kuwa ba ki da bashin yi wa kowa bayani.

Saura maigida. Ba zan zage shi ba, ko da kina so. Mutum ne da ya bi ki asibiti huɗu, aka ce masa babu komai har sau uku, kuma yana ganin matarsa tana ƙanƙancewa a gabansa. "Tunani ne" wani lokaci hanya ce ta cewa na rasa yadda zan yi. Kuma akwai ɗan gaskiya a maganarsa, sai dai ya juya ta. Jijiyoyin tsayuwa da na fargaba maƙwabtan juna ne a ƙwaƙwalwa. Wanda ƙasa ta taɓa zamewa a ƙarƙashinsa dole ya zama mai ɗar-ɗar, ɗar-ɗar ɗin kuma yana sa jiki ya yi ta sauraren kansa, jirin ya ƙaru. Jirin ne ya haifi tunanin, daga baya suka riƙa ciyar da juna. In kin ga fargabar tana hana ki barci ko fita, ki nemi mai ba da shawara kan halayyar ɗan Adam, wannan ba amincewa ba ce cewa ƙirƙira kika yi.

Kada ki tsaya gardama da shi kan ko ciwon gaskiya ne. Ba shi aiki. Ya raka ki ganin likita na gaba ya ji da kunnensa. Ya zama shi ne abokin tafiyar minti 10 ɗin nan. Sannan ki ce masa in ciwon ya taso ya ɗauki wayarsa, ya matso kusa, ya ɗauki bidiyon idanunki na kamar rabin minti, kina kallon gaba, sannan dama, sannan hagu. A lokacin tashin, idon wasu masu wannan ciwo yakan yi wata 'yar rawa, ya zame gefe a hankali ya fizgo ya dawo. Likitoci na son ganin wannan, kuma da wuya su gani, don kafin a kai ga layin asibiti abin ya wuce. Ba kowa ke yi ba, in ba a gani a naki ba bai soke komai ba. Nawa mijin ranar da ya ɗauka, ya maimaita kallon bidiyon ya fi sau biyar, bai ce uffan ba. Da na farka na tarar ya cire farar fitilar ɗakin ya sa wata mai laushi.

Ki rubuto mini bayan wata uku, ki haɗo da hoton shafi biyu na littafin, da sunan ƙwayar nan da kike sha.

Antinki